Injin Waldar Tasi'u da Duron Gwaggo Hindu

Duk wanda ya taɓa bi ta layin masu casar shinkafa a Tudun Wada ya san rumfar Tasi'u mai walda. In bai gan ta ba, ya ji ta. Tasi'un namu gajere ne, kakkaura, irin mutanen da in suka tsaya a bakin ƙofa sai iska ta nemi wata hanyar shiga. Ba shi da faɗa, ba shi da rowa, salla ba ta wuce shi. Aibinsa guda ne, kuma duk dangi sun san shi da shi: ba ya yarda da abin da ba shi da nauyi.

Kankana ce, rediyo ce, takalmi ne, tocila ce, sai ya ɗora a tafin hannu ya jinjina, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bayan danga. In abu ya danne masa hannu sai ya ce, "Wannan ƙwari gare shi." In bai danne ba ya miƙa wa mai shi ya ce, "Iska ce aka yi wa fenti." Wayar hannu ma har gobe irin ta da yake riƙewa, wadda in ta faɗi ƙasa siminti ne ke neman magani.

Ba shi ya fara ba, gado ya yi. Mahaifinsa, marigayi Malam Datti, yana cikin waɗanda aka taso daga ƙauyensu lokacin da ruwan Tiga ya shanye gonakinsu. Tsofaffi sun ce da motar kwashe kaya ta zo, kowa na ta jibga tufafi da ƙorai da kaji, shi kuwa Malam Datti dutsen niƙa ya fara rungumowa, sai turmi, sai wani guntun ƙarfe da har ya rasu ba a san amfaninsa ba. A gidan wannan mutumin aka haifi Tasi'u, kuma an ce da ungozoma ta ɗaga shi sai da ta nemi wurin zama. Boko bai yi nisa ba. Ya gaya wa malaminsu cewa shi allo ya fi masa littafi, domin allo in ya faɗo maka a ƙafa ka san ka ɗauko karatu. Da aka ga haka sai aka miƙa shi Kwanar Ɗangora wurin masu gyaran manyan motoci, ya koyi walda a jikin ƙarfen tirela, ƙarfen da kaurinsa ya kai tafin hannu. Can ya yi samartakarsa, can ya ƙone girarsa ta hagu, daga can kuma ya dawo da injin da ya sa wa suna Basamude.

Basamude naɗin gida ne, wayoyi masu kauri a cikin wani baƙin akwatin ƙarfe mai tayoyi, wanda sai an yi gayya ake matsar da shi. In an kawo wuta Tasi'u ya ɗana sandar walda, ƙwayayen lantarkin layin gaba ɗaya sai su lumshe ido, fankar mai aski ta tsaya ta jira shi ya gama. Amma a faɗi gaskiya, a kan ƙarfe mai kauri babu kamar su biyun. Garmar shanu, amalanke, gindin baro, kariyar babur ɗin Fulanin Falgore da ke ɗauko jarkokin nono, in Tasi'u ya haɗa maka su, to sai dai ƙarfen ya karye ta wani wurin.

Matsalar ita ce aikin garma da amalanke na damina ne. Da an yi girbi sai ya ɗauke. Ranin da ya wuce Tasi'u a rumfa ya yi shi yana kallon motocin Jos, har ya fara gane direbobi da irin odarsu. Abin da ba ya yankewa a garin shi ne aikin mata masu turara shinkafa. Kowace tana da rabin duro da take ɗorawa a murhu, ta jiƙa shanshera, ta turara, ta shanya, sannan a kai injin casa. Wuta kuwa cin gindin duro take a hankali, har ya zama kamar takarda, ya fara yoyo. Wanda duk ya iya facin duro a unguwar nan, tukunyar gidansa ba ta hutawa.

Uwar masu turara shinkafa a unguwar kuwa ita ce Gwaggo Hindu, ƙanwar Malam Datti. Ba wanda ya naɗa ta, amma in ta sayi itace a wurin mutum, kafin azahar itacensa ya ƙare, in kuma ta juya masa baya sai gara ta ci.

Wata safiya ta shigo rumfar, mai baro na biye da ita da duro a kife.

Tasi'u ya durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Gwaggo? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya Khairiyya da 'yar jikallena Humaira?"

"Suna nan ƙalau, suna gaishe ki."

"Madalla. Ga duro na kawo maka. Hudar ba ta fi ta allura ba, amma ɗis-ɗis ɗin nan kashe min wuta yake."

Tasi'u ya duba ya yi dariya. "Wannan ai kafin ki gama gaisawa da mai shayi na gama."

Ya sa gilashi a ido, ya ɗana sanda. Basamude ya yi gurnani. Taɓawa ɗaya, hudar allura ta koma kamar goro. Ya ce bari ya cike ta, ta koma kamar lemo. Ya bi gefen yana cikewa, gefen na narkewa yana gudu a gabansa. Da ya ɗaga kai yana gumi, Gwaggo Hindu ta sunkuya ta zura kanta a cikin duron, ta hango masallacin da ke tsallaken titi har da masu alwala.

"Tasi'u."

"Na'am, Gwaggo."

"Faci na ce ka yi min, ko taga?"

Mai baro ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Ta gyara mayafinta. "Ka saurare ni da kyau. Mata sun daɗe suna cewa mu riƙa haɗa duro-duronmu muna ba mota ta kai Kwanar Ɗangora. Ni nake hana su, ina cewa ga ɗan yayana a bakin hanya. Sabuwar shanshera ta kusa shigowa, kuma kusan kowa nata na yoyo. Zan zo da su, a gaban idonsu za ka yi. In ka sake yi mana taga, ni da kaina zan tsayar da motar."

Ta tafi ta bar masa duron, wai ya ajiye ya riƙa leƙen masu wucewa.

Abin ya tsaya wa Tasi'u a rai. Ya buɗe cikin Basamude ya yi ta ƙwaƙule-ƙwaƙule wai zai rage masa wuta. Basamude dai bai san wani abu ragi ba. Da aka kawo wuta ya kunna shi, sai ya yi wata irin ƙara, ya saki baƙin hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, ya yi shiru. Shirun da har yau bai farka ba.

Can a bakin direbobi ya ji cewa akwai wani irin inji da ke walda da siririyar waya maimakon sanda, wanda ko kwanon rufi ba ya ɓulawa. Ya sayar da masarar da ya noma, ya ɗaure abin da ya samu a aljihun ciki. Sai dai mutanenmu ba sa sayen san noma a kasuwa sai an ɗaura masa garma an ga tafiyarsa, shi ma Tasi'u ya ce ba zai sayi inji da ka ba. Ya ɗauki duron mai taga, ya ɗauki janaretonsa, wanda ba wani babba ba ne, ya tsayar da motar Kano. Direba ya dube shi ya dubi kayan ya ce, "Malam, ƙaura za ka yi?" Aka ɗaure duron a saman mota, iska na shiga ta tagar tana busa, tun daga Tudun Wada har suka wuce mararrabar Bebeji ba wanda ya ji abin da rediyo ke faɗa.

A kasuwar Ƙofar Ruwa aka nuna masa shagon Alhaji Bature, wani siririn dattijo mai tabarau wanda ba ya ɗaga murya. Bayan sun gaisa Tasi'u ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Alhaji Bature ya ce, "Akwai shi, iri biyu ma. Akwai mai shan gas, akwai wanda ba ruwansa da gas, maganinsa na cikin wayar. A ina kake aiki, cikin shago ko a fili?"

"Rumfa ce, Alhaji. Iska ta ko'ina."

"To mai gas ba naka ba ne. Iska na kaɗawa za ta kwashe gas ɗin, waldar ta fito duk ƙofofi kamar saƙar zuma. In tukunyar ta ƙare kuma, sai ka hawo mota ka zo Kano ɗuri, masu aiki na zaune suna jiranka."

Tasi'u ya ce, "Haka ne, haka ne," amma ba ya jin komai. Tuni ya shiga cikin shagon yana ɗaga injina ɗaya bayan ɗaya. Can a lungu ya samu wani shuɗi, ya kama ya ɗaga, jijiyar wuyansa ta tashi, fuskarsa ta washe.

"Wannan, Alhaji. Wannan ne inji."

"Shi ne mai gas ɗin da na ce ba naka ba ne. Na masu ƙera tankin mota ne."

"A dai faɗi."

Da aka faɗi kuɗinsa sai Tasi'u ya gane masararsa ko tayoyin ba ta saya ba. Duk da haka ya ce a gwada, ko don ya ji muryarsa. Aka tayar da janareto a bakin shago, aka jona. Janareton ya yi tari sau ɗaya kamar tsohon da ya shaƙi barkono, ya mutu. 'Yan dako da suka taru kallon mai duro suka ce, "Allah ya jiƙan rai."

Alhaji Bature bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wasu ƙananan injina guda uku, da hannu ɗaya yake sauko da kowanne. Tasi'u ya sa yatsa a mariƙin ɗaya ya ɗaga. Bai kai zakara nauyi ba.

"Haba Alhaji, da girmanka? Na zo tun daga Tudun Wada ka ba ni kayan wasan yara?"

"Kai da ka zo da duronka, ai ba ni za ka tambaya ba. Tambayi duron." Ya tura guda gefe. "Wannan ya fi araha, amma makunninsa sama ne da ƙasa kawai, kuma ƙasan nasa ma ya fi ƙarfin gindin duronka. Waɗannan biyun suna da abin murɗawa, ka rage wuta yadda kake so, ka rage gudun waya. Wayar da suke ci kuma ita ce wadda kowane shago ke da ita, ba sai ka zo wurina ba. In bakin da wayar ke fitowa ya cinye, akwai shi. Janaretonka zai ɗauke su. Aljihunka ma zai ɗauka."

Aka yanko ɗan fallen ƙarfe aka ɗora a gefen tagar duron. Alhaji Bature ya murɗa wuta ƙasa, ya miƙa wa Tasi'u hannun injin, wani abu mai kunama kamar bindigar yara. "Kada ka danna ka zauna a kai, ba tirela ba ce. Ɗan taɓa ka ɗaga, ɗan taɓa ka ɗaga, kana ja baya."

Tasi'u ya taɓa yana jiran ya ga rami. Sai ya ji wata 'yar ƙara kamar ana suyar ƙosai. Ya ɗaga gilashi. Falle ya kama duro, duro bai ɓule ba. Ya sake, ya sake. Hannu ne da ya san wuta tun yana saurayi, nan da nan ya gane takun abin. Ya kankare kashin waldar da guduma, ya ga ɗinki a jere kamar na tela. Janareto kuwa na ta aikinsa ko gezau.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya tashi ya ɗauki injinan biyu masu abin murɗawa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya jinjina, ya karkatar da kai. Na hagun ya ɗan fi nauyi, da abin da bai wuce ƙwan kaza ba. Shi ya saya.

Yana ɗaure kaya Alhaji Bature ya ce, "Abu biyu zan gaya maka. Kada ka bar wayar ta sha danshi, tsatsa take yi. Na biyu, ka ga 'yar fankar nan ta baya? Hancinsa ke nan. In ya yi zafi zai kunna wannan 'yar fitilar ya tsaya da kansa. Ba mutuwa ya yi ba. Kada ka kashe shi, ka bar shi ya sha iska."

"To, Alhaji. To." Amma hankalin Tasi'u na teburin mai shayin da ke kusa da rumfarsa, inda ya shekara da shekaru yana yi wa mutane wa'azi a kan nauyi. Shi ne ya taɓa mayar wa wani da rediyonsa ya ce a sayo masa dutse ya ɗora kada iska ta tafi da ita. Yanzu shi ne zai sauka daga mota da wannan abin a hammata?

A buhun taki ya ƙunshe shi, ya shiga gida ta bayan layi. Khairiyya na tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, sannan ta buɗe buhun, ta ɗauko abin da hannu ɗaya, hannun hagu ma, ɗayan na riƙe da rariya.

"Baban Humaira, rediyo ka sayo mana? Ina injin?"

"Shi ne a hannunki."

Ta dubi injin, ta dubi mijinta, ta cije leɓe. Mace ce mai kunya, ba ta yi masa dariya a fuska ba. Ta ce bari ta duba tukunya, ta shige kicin, kuma tun da aka gina kicin ɗin nan ba a taɓa jin tukunya ta yi irin wannan ƙarar ba.

Wannan ya yanke masa shawara. Washegari bayan asuba, kafin mai shayi ya hura wuta, Tasi'u ya saki buhunan da ke kare rumfa, ya kwance cikin Basamude, ya zare ƙonannun wayoyin. Ya zaunar da ɗan injin a tsakiyar akwatin kamar amarya a ɗaki. Ya fito da igiyoyin ta tsohuwar ƙofar waya. Ya tura akwatin ya ji ya yi sakayau, ya ce wannan ai tona asiri ne, ya ɗebo duwatsu manya ya jera a gefe da gefe, har da bayan, daidai inda fankar take. Ya rufe, ya ɗaure da noti.

'Yan kwanaki abin ya tafi daidai. Da sanyin safiya yake ɗan taɓa ƙananan ayyuka, kurfoti, marfin tukunya, ƙyauren kwano, yana gamawa kafin komai ya ɗumama. Masu shan shayi suka ce, "Kai, Basamude ya tashi! Har ya koyi ladabi." Tasi'u ya shafa akwatin ya ce, "Kano na je na sayo masa kayan ciki. Babban inji ai babban inji ne." Wani ya gwada tura shi ya kasa, aka yi ta jinjina kai.

Ran nan sabuwar shanshera ta shigo kasuwa. Gwaggo Hindu ba ta zo da safe ba, sai da ta sauke girki. Rana na tsakiyar ka, kwanon rumfa na ƙara don zafi, sai ga ta tafe, bayanta Asabe maƙwabciyarta da wasu mata, bayansu masu baro da duro-duro, har da mai ruwa da kurarsa, domin a cika a gani. Aka gaisa. Matan suka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya suka zauna kamar masu jiran shari'a.

Tasi'u ya yi bisimilla ya tayar da janareto. Duron farko na Gwaggo ne. Ya goge wurin da buroshi, ya ɗora faci, ya bi shi taɓa-ɗaga, taɓa-ɗaga, har ya zagaye. Ba taga, ba ko ƙofar allura. Asabe ta ce, "A'a!" Gwaggo ta ce, "Bari dai a ga ruwa." Ya ja na biyu, wanda tsagarsa ta kai kamu guda. Hannu ya saki, ya fara jin kansa, har yana ɗan waƙe-waƙe a cikin maƙogwaro. Ya kai rabin tsagar, sai suyar ƙosan nan ta ɗauke.

Ya danna kunama. Shiru. Ya sake dannawa. Janareto na ta ruri abinsa, amma bakin bindiga ko tartsatsi. Ya girgiza igiya, ya goge mariƙin wayar injin da ke maƙale a duro, ya ɗan harbi akwatin da gefen ƙafa.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Yana... yana tunani ne."

"Injin ne ke tunani?"

Masu shayi sun fara matsowa. Wata daga cikin matan ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Ni dai da ma na ce a ba mota." Gwaggo Hindu ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta yafa mayafi, ta fuskanci titi inda motocin Kwanar Ɗangora ke tsayawa.

A nan maganar Alhaji Bature ta faɗo wa Tasi'u, fanka da 'yar fitila. Ya dubi akwatin, ya dubi masu shayi, ya dubi bayan Gwaggo da ke nisa.

"Gwaggo, don Allah ki dakata."

Ya ɗauko sifana ya kwance notin. Da ya ɗaga marfin wani hucin zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tanderun burodi. Ya sa tsumma ya fara fito da kaya. Dutse. Wani dutsen. Wani kuma. Mutane suka matso suna kallo. Mai shayi ya ce, "Tasi'u, waɗannan ne kayan cikin da ka sayo a Kano?" Daga ƙarshe ya zura hannu ya ɗauko ɗan injin, da hannu ɗaya, ya ajiye a ƙasa, 'yar fitilarsa na ci.

Dariyar da aka yi a wurin, an ce har masu casa sun kashe injinansu sun fito. Asabe ta kwanta a jikin ta kusa da ita. Mutumin da aka taɓa mayar wa da rediyo ya zo ya tsuguna a gaban injin ya ce, "Malam Tasi'u, wace tasha yake kamawa? Ko in samo maka dutse a ɗora kada iska ta ɗauke shi? Af, ashe kana da su." Tasi'u na tsaye, gumi na bin girarsa guda da rabi.

Gwaggo Hindu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dawo ta sunkuya ta kai bayan hannunta kusa da injin, ta janye da sauri.

"Wannan ɗan abin ne ya yi min facin can?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Shi ne ka kulle shi a akurki da tsakar rana, ka toshe shi da duwatsu? Kai ko kaza aka yi wa haka ai ta mutu. Mutuwa ya yi?"

"Mai shagon ya ce in ya sha iska zai tashi."

"To me kake jira? Kawo shi inuwa. Asabe, tashi ki bar washe haƙora, miƙo min maficinki."

Aka janyo shi gindin darbejiya iyakar inda igiya ta kai. Gwaggo ta zauna a gabansa ta kama fifita, Asabe ta koma ta baya da marfin kwano, wata ta cire ɗankwalin da ta ɗora a kan hijabi tana kaɗawa. Haka manyan mata masu jikoki suka kewaye inji suna yi masa fifita kamar mai jego, fankarsa na taya su. Mai shayi ya ce ko a haɗa masa da madara. Gwaggo ta ce in ya sake magana ita da shayinsa har abada.

Can sai 'yar fitilar ta mutu. Tasi'u ya ɗauki bindiga ya taɓa. Ƙosai ya ci gaba da soyuwa.

Bai sake waƙa ba. Ya gama tsagar a hankali, in ya yi kaɗan ya dakata ya kankare, ya ba injin numfashi. Aka ɗora duron biyu a kan bulo, aka share ƙasan har ta yi fes, mai ruwa ya juye jarkokinsa har baki. Gwaggo Hindu ta ajiye mafici, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta kwantar da kai tana leƙen gindin duron. Ta daɗe a haka har Asabe ta ce ko barci ya ɗauke ta. Ta shafa facin da tafin hannu, ta duba hannun. Ta shafa ƙasar, ta murza a yatsu. Busasshiya.

Ta dafa duron ta miƙe. Tasi'u ya matso yana jiran ko da "madalla" ce. Ba ta ko dube shi ba.

"Asabe, aika gida a kawo babban naki, mai tsaga a baki. Ke kuma ki gaya wa mutanen bayan masallaci su kawo nasu gobe da sassafe, kafin rana ta yi." Sannan ta juyo. "Kai kuma tsayuwar me kake yi? Ga na uku can yana jiranka."

"Gwaggo, in ɗan sha ruwa."

"Sha a duron, ai ba ya yoyo."